Hasken Da Ke Leƙa Maƙwabci: Zaren Gilashi Mai Jijiya Da Yawa Da Nauyin Intanet Na Gobe

A watan Mayun 2025 hukumar binciken fasahar sadarwa ta ƙasar Jafan, NICT, da kamfanin Sumitomo Electric suka ba da wata sanarwa da ta ja hankalin masu harkar sadarwa a duniya. Injiniyoyinsu sun tura bayanai masu yawan fetabit 1.02 a kowace daƙiƙa ta cikin zaren gilashi guda ɗaya, har tsawon kilomita 1,808. Ga wanda ya saba sayen data a wayarsa, gigabait 127,500 ke nan a daƙiƙa ɗaya. Zaren kuma bai fi wanda ke binne a gefen titunan biranen duniya kauri ba: milimita 0.125, kusan kaurin silin gashi.

Bambancin yana ciki. Zaren da aka saba da shi hanya ɗaya gare shi ta haske, wata siririyar jijiya da ke bi ta tsakiyarsa. Wannan kuwa jijiya 19 aka cusa masa, kusa da kusa, har hasken da aka zuba a ɗaya ba ya iya zama a cikinta. Kafin a yi nisa ya tsallaka ta kusa da ita, daga can ya wuce ta gaba, saƙonnin duka su cakuɗe.

Da gangan aka ƙera shi haka. Fiye da rabin ƙarni masu sana'ar zaren gilashi suka yi suna yaƙi da wannan tsallake, suna ɗaukarsa aibi. Yau wasu daga cikin manyansu sun koma gayyato shi. Abin da ya sauya musu ra'ayi shi ne fahimtar yadda haske ke tafiya idan aka jera masa hanyoyi da yawa a gefen juna.

Abin da ke tsare haske a cikin gilashi

A 1841 wani malamin kimiyya a birnin Geneva, Daniel Colladon, ya huda tankin ruwa ta gefe, ya haska fitila ta bayan hudar. Ruwa ya fito ya lanƙwasa zuwa ƙasa, haske ya bi shi ya lanƙwasa. Dalili kuwa, haske ya fi gudu a cikin iska a kan cikin ruwa. Idan ya taho daga abin da ke rage masa gudu, ya doki iyaka a karkace sosai, ba ya fita. Gaba ɗayansa yake komawa ciki.

A kan wannan ƙa'ida aka gina zaren gilashi, wanda ma'aikatan sadarwa ke kira faiba. Kashi biyu ne, jijiya a tsakiya da ɓawo a kewaye, dukansu na gilashi. Akan sa wa jijiyar ɗan sinadarin jamaniyam domin haske ya ƙara rage gudu a cikinta. Bambancin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, amma ya isa ya tsare hasken lesa yana gudun kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa.

Gilashin kansa ne ya fara zama cikas, domin na farkon shekarun 1960 shanye haske yake yi cikin 'yan mitoci. A 1966 Charles Kao, haifaffen Shanghai, da George Hockham, suna aiki a ɗakin binciken STL da ke Harlow a Ingila, suka nuna cewa ɓurɓushin ƙarfe da ke cikin gilashin ne ke cinye hasken. Suka ce in aka tsarkake shi har kashi ɗaya cikin ɗari na haske ya tsira bayan kilomita ɗaya, zai yi aikin sadarwa. A 1970 Robert Maurer da Donald Keck da Peter Schultz na kamfanin Corning a Amurka suka cim ma haka. Zuwa 1979 kamfanin NTT na Jafan ya yi zaren da haske ke yin kilomita 15 a cikinsa kafin ya rasa rabin ƙarfinsa. Kao ya karɓi kyautar Nobel a 2009.

Sai dai haske ba tsinke ba ne da ke karo da bango yana dawowa. Kaɗawa yake yi, yana da tsawon zango kamar yadda tashoshin rediyo suke da shi, sai dai nasa ƙanƙane ne ƙwarai: wanda ake amfani da shi a sadarwa maikiromita 1.55 ne, maikiromita kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Abin da ke kaɗawa, idan aka matse shi a wuri mai ƙunci, ba ya tafiya yadda ya ga dama. Akwai wasu siffofi ƙidayayyu da zai iya ɗauka ya riƙe su tun daga bakin zare har ƙarshensa ba su canza ba. Kowace siffa irin wannan ita ce salo ɗaya na tafiyar haske. In aka yanke zaren aka duba bakinsa, salo na farko ɗigo ɗaya ne mai haske a tsakiya. Na biyu ɗigo biyu ne da duhu a tsakaninsu. Daga nan sai mai huɗu, sai masu zobe, haka har sama. Elias Snitzer na kamfanin American Optical ya fitar da lissafinsu a 1961, David Gloge na cibiyar bincike ta Bell Labs ya sauƙaƙa shi a 1971.

Kowane salo da gudunsa, kuma nan ne gizo ke saƙar. Jijiya mai faɗin maikiromita 50 tana ɗaukar salo ɗaruruwa. In aka ƙyafta haske sau ɗaya, ƙyaftawar za ta rarrabu a kansu, wasu su riga wasu isa, ta iso a baje ta hau kan wadda ke biye da ita. Shi ya sa irin wannan zare ba ya wuce cikin gine-gine da ɗakunan ajiyar bayanai. Maganin da aka samo shi ne a ƙuntata jijiyar. Akwai wani adadi da ake fitarwa daga faɗin jijiya da tsawon zango da bambancin gilasan biyu. Muddin bai kai 2.405 ba, salo ɗaya kaɗai zai iya wucewa. Jijiya mai faɗin maikiromita 8 zuwa 10 ta cika wannan sharaɗi, kuma ita ce ke ɗauke da kusan duk saƙon da ke tsallaka teku a yau.

Jelar da ke fita waje

Ko a zare mai salo ɗaya, ba duka hasken ke zama cikin jijiya ba. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinsa a cikin ɓawo yake tafiya, manne da jijiyar, yana dusashewa da sauri duk lokacin da aka matsa gefe. Wannan jela ba ɓacewa take yi ba, tare da sauran hasken take tafiya. In babu kowa a kusa, ba ta da illa. In kuwa akwai wata jijiya inda jelar ta kai, to an samu gada.

Masu ƙoƙarin tura hoto ta cikin zaren gilashi ne suka fara ɗanɗana kuɗar wannan. A 1954 Harold Hopkins da Narinder Singh Kapany a Landan, da Abraham van Heel a Delft ta ƙasar Holan, suka wallafa sakamakon ɗaukar hoto ta cikin damin zaruruwa, kowane zare na ɗauke da ɗigo ɗaya na hoton. Zaruruwan gilashi tsirara, duk inda suka taɓa juna haske na yoyo, hoto ya yi hazo. Van Heel ya ba da shawarar a lulluɓe kowanne da wani abu. A Disamban 1956 wani ɗalibi a Jami'ar Michigan, Lawrence Curtiss, ya zura sandar gilashi cikin bututun wani gilashin daban, ya narkar, ya ja su tare, aka samu zare mai ɓawon gilashi. A farkon 1957 likitan da yake wa aiki, Basil Hirschowitz, ɗan asalin Afirka ta Kudu, ya fara haɗiye na'urar da kansa kafin ya leƙa cikin tumbin majiyyaci da ita.

Har yau ana ƙera irin waɗannan damuna, wasu da jijiya 30,000 a faɗin da bai kai milimita ɗaya ba. A irin wannan cunkoso ɓawo ba zai yi kaurin da zai tare jela ba, don haka maƙera kan bar jijiyoyin maƙwabta su ɗan bambanta a girma da siffa. Dalilin da ya sa wannan dabara ke aiki shi ne ginshiƙin batun gaba ɗaya.

Duwatsu biyu a igiya ɗaya

Akwai gwajin da malaman kimiyya ke yi a aji, kowa na iya yin sa a tsakar gida. A ɗaura igiya a kwance tsakanin turaku biyu, da ɗan sako-sako. A rataya mata duwatsu biyu iri ɗaya da zaruruwa masu tsawo ɗaya. A kaɗa dutse ɗaya, a bar ɗayan. Sannu a hankali lilon na farko zai ragu, na biyu ya fara motsi, har na farko ya tsaya cik, na biyu ya karɓe lilon duka. Jim kaɗan abin ya juya, ya dawo wa na farko. Amma akwai hanya biyu da za a saki duwatsun babu wanda zai ba wani komai: a sake su tare suna tafiya gefe ɗaya, ko a sake su suna saɓa wa juna. In kuma aka gajarta zaren ɗaya, musayar ta kusan mutuwa, domin saurin lilonsu ya bambanta.

Haka jijiya biyu suke yi da haske. In tagwaye ne, hasken da aka zuba a ta hagu zai koma ta dama gaba ɗayansa bayan wani tsawo, sannan ya dawo, yana kai da komo har ƙarshen zare. Tsawon da yake ɗauka ya dogara da tazarar da ke tsakaninsu: in suna daf da juna milimitoci ne, in an ɗan nisanta su sai ya koma mitoci, har kilomitoci. In jijiyoyin ba su yi daidai ba, ɗan kaɗan ne ke tsallakawa ya dawo.

Hanyoyi biyun nan da babu musaya a cikinsu su ne ainihin salon tafiyar haske a zare mai jijiya biyu. A ɗaya, hasken jijiyoyin biyu na kaɗawa da taku ɗaya. A ɗayan, yana kaɗawa da taku mai saɓani. Ba na hagu ba ne, ba na dama ba ne, salon tarayya ne, kuma gudunsu ya ɗan bambanta. Wanda ya haska jijiya ɗaya ya tayar da su duka biyun ne a lokaci guda, kai da komon da yake gani kuwa sakamakon yadda ɗaya ke ɗan tsere wa ɗaya ne. Jijiya bakwai na da salon tarayya bakwai, jijiya 19 na da 19.

Lissafin wannan musaya ya girmi faiba. John Pierce da Stewart Miller na Bell Labs sun tsara shi a 1954 domin na'urorin maikirowef, sannan Allan Snyder da Dietrich Marcuse da Amnon Yariv suka ɗora shi a kan haske a farkon shekarun 1970. Ba a daɗe ba aka fara cin moriyarsa. A 1981 Ken Hill da abokan aikinsa a Ottawa ta Kanada suka murɗe zare biyu masu salo ɗaya, suka gasa su, suka ja har suka sirance suka liƙe. A wurin da ya sirance, jelar kowanne na shiga ɗan'uwansa. Mai ƙerawa yana kallon ma'auni, da zarar rabon ya kai yadda yake so sai ya daina ja: rabi da rabi, ko kashi 99 nan kashi ɗaya can. Irin wannan maraba tana nan birjik a hanyoyin sadarwa, da ita ake gutsurar ɗan haske a auna lafiyar layi ba tare da an katse shi ba.

Idan jerin ya yi tsawo

To, in jijiyoyin ba biyu ba ne, jeri ne mai tsawo fa? A 1965 Alan Jones ya warware lissafin, amsar ta fito da wasu alƙaluma da masanin taurari na Jamus Friedrich Bessel ya yi nazarinsu tun ƙarni na 19. A 1973 ƙungiyar Yariv a jami'ar Caltech ta ga abin da ido a wasu hanyoyin haske da aka zana a kan ƙwayar galiyam asanaid.

Sakamakon ya saɓa wa abin da hankali ke zato. Hasken tocila a sarari ya fi ƙarfi a tsakiya, yana raguwa zuwa gefe. A cikin jeri kuwa, in aka haska jijiyar tsakiya, yawancin hasken gudu yake yi zuwa gefe biyu, ya yi fukafukai biyu masu ƙarfi da ke ƙara nisa da juna, tsakiyar ta rage da 'yan ɗigo-ɗigo. A fahimtar masana kimiyya, daidai wannan lissafi ne ke bayyana yadda ƙwayar lantarki ke tsalle daga atam zuwa atam a cikin ƙarfe. Sai jerin hanyoyin haske ya zama musu wurin kallon abubuwan da ba a iya gani kai tsaye a cikin ƙarfen.

A 1988 Demetrios Christodoulides da Richard Joseph suka yi hasashen cewa haske mai tsananin ƙarfi zai ƙi bazuwa. Ƙarfinsa na ɗan sauya halin jijiyar da yake ciki, ta daina daidaita da maƙwabtanta, ya kulle kansa a wuri ɗaya. Shekara goma bayan haka, a 1998, ƙungiyar Yaron Silberberg ta Cibiyar Weizmann a Isra'ila da ta Stewart Aitchison a Jami'ar Glasgow suka tabbatar da shi a gwaji.

Akwai kuma wata hanyar kulle haske da ta fi wannan ban mamaki, wato hargitsi. Philip Anderson ya nuna a 1958 cewa in atam ɗin wani abu suka rasa tsari sosai, ƙwayar lantarki na iya maƙalewa a wuri ɗaya, aikin da ke cikin abin da ya ba shi kyautar Nobel a 1977. A 2007 ƙungiyar Mordechai Segev ta Technion a Haifa ta nuna haka da haske: ana ƙara wa jerin rashin tsari, hasken na daina bazuwa gefe. A 2012 ƙungiyar Arash Mafi a Jami'ar Wisconsin da ke Milwaukee ta gauraya siraran zaruruwan roba iri biyu, guda 80,000, ba tare da wani tsari ba, ta narkar ta ja su suka zama zare ɗaya. Duk inda aka haska a bakinsa, hasken na miƙewa ya fito ta daidai wurin a ɗaya bakin. Bayan shekara biyu suka tura hoto ta cikinsa.

Zare ɗaya ya kusa cika

Duk wannan zai iya tsayawa a ɗakunan bincike ba don ƙishirwar data ba. Kebul na faiba na farko da ya ratsa Tekun Atlantika, TAT-8, ya fara aiki a 1988 da ƙarfin ɗaukar kiran waya 40,000 a lokaci guda. A 1987 ƙungiyar David Payne a Southampton da ta Emmanuel Desurvire a Bell Labs sun riga sun samo na'urar ƙara wa haske ƙarfi ta hanyar zare mai sinadarin arbiyam. Da ita aka samu damar zuba launukan haske da dama a jijiya ɗaya, kowane launi da saƙonsa. Shekara da shekaru ƙarfin zare na ninkuwa.

Amma akwai rufi. Claude Shannon ya nuna tun 1948 cewa kowace hanyar sadarwa na da iyaka, gwargwadon faɗinta da yadda saƙo ya rinjayi hayaniya. A gilashi kuma ƙara ƙarfin haske ba ya fisshe ka, domin in ya yi yawa launukan na fara gurɓata juna. In aka matsa gaba, wani tartsatsi na iya tashi a cikin jijiyar ya bi ta da baya yana ƙona ta, abin da Raman Kashyap ya gano a Birtaniya a ƙarshen shekarun 1980. A 2010 René-Jean Essiambre da abokan aikinsa a Bell Labs suka fitar da lissafin iyakar, masana suka tsaya a kan cewa zare mai jijiya ɗaya, a launukan da aka saba amfani da su, ba zai wuce kimanin terabit 100 a daƙiƙa da yawa ba.

Sauran hanya ɗaya: a ƙara yawan hanyoyin. A doron ƙasa ana iya ƙara binne zaruruwa in akwai wuri a bututu. A ƙarƙashin teku abin da wuya. Kebul na zurfin teku bai wuce milimita 17 zuwa 20 a kauri ba, jirgi na ɗaukar dubban kilomitocinsa a tafiya ɗaya, wutar da ke ciyar da na'urorin ƙara ƙarfi kuma daga gaɓa ake turo ta. Kebul ɗin Dunant na Google, tsakanin Amurka da Faransa, ya fara aiki a 2021 da zare 24. Sababbi sun kai 48. Daga nan wuri ya fara ƙarewa, ido ya koma kan ɓawon kowane zare, inda jijiya ke zaune ita kaɗai a filin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Masu rabawa da masu gaurayawa

Tun 1979 injiniyoyin kamfanin Furukawa na Jafan suka gwada zare mai jijiya fiye da ɗaya, amma a lokacin babu mai buƙata. Da aka dawo kansa bayan shekara talatin, sai masana suka kasu gida biyu.

Gida na farko ya ce a raba jijiyoyin kowace ta kama gabanta. Ana ba su tazarar maikiromita 40 ko sama, a kewaye kowace da zoben gilashi da ke datse jela, wani lokaci a bambanta su da gangan. An kuma gano cewa lanƙwasar zare a kan faifai ko cikin kebul na taimakawa, domin jijiyar da ke bayan kwana ta fi ta ciki doguwar tafiya, sai daidaitonsu ya ɓaci. Ribar wannan tsari a fili take: kowace jijiya kamar zare ne mai zaman kansa, na'urorin da ake da su a yau za su yi aiki da ita. Da jijiya 12 irin wannan NTT ya fara haura fetabit ɗaya a 2012, a tsawon kilomita 52. A 2023 NICT ta kai fetabit 22.9 da jijiya 38, kowace na ɗauke da salo uku, a kilomita 13. Illar ita ce irin waɗannan zaruruwa sun fi na yau da kullum kauri nesa ba kusa ba, gilashi mai kauri kuwa ya fi saurin karyewa in an lanƙwasa shi. In za a tsaya a kaurin da duniya ta saba, jijiya huɗu ko biyar kaɗai wurin zai ɗauka.

Gida na biyu ya ce a matso da su, tazarar ta koma kusan rabi, a bar haske ya gauraya, a warware shi a ƙarshen hanya. Roland Ryf da abokan aikinsa a Bell Labs sun nuna a 2011 cewa hakan na yiwuwa da zare mai jijiya uku. Dabarar, wadda ake kira MIMO, ita ce wadda wayar salula da na'urar Wi-Fi ke amfani da ita wajen rarrabe saƙonnin eriya da yawa. Cakuɗar ba ta zubar da komai, jujjuya shi kawai take yi. Ana tura wasu alamomi da mai karɓa ya riga ya sani, ya ga yadda suka iso, ya gane yadda zaren ya cakuɗa su, ya juya lissafin da baya.

Abin da ya ba mutane mamaki shi ne gaurayawar na da riba ta kanta. Da a ce kowane saƙo zai hau salon tarayya ɗaya ya zauna, mai saurin zai yi ta tsere wa mai nawa, tazarar isowarsu ta ƙaru daidai da nisan tafiya. Amma a zaren gaske, ƙananan lanƙwasa da murɗiya na sa haske ya riƙa sauya salo ba ƙaƙƙautawa. Kowane saƙo ya ɗan hau mai sauri, ya ɗan hau mai nawa, duk su iso kusan tare. In nisa ya ninka sau ɗari, tazarar sau goma kawai take ninkawa. Gurɓatar da ƙarfin haske ke jawowa ita ma tana raguwa, tunda ƙarfin ya bazu a kan jijiyoyi da yawa. A Maris na 2024 kamfanonin NEC da NTT suka ba da sanarwar tura saƙo kilomita 7,280, nisan tsallaka teku, ta zare mai jijiya 12 masu gaurayawa.

Kuɗin da ake biya shi ne lissafi. Haske na kaɗawa ta fuska biyu, a tsaye da a kwance, kuma kowace fuska na ɗaukar saƙonta. Na'urorin karɓa na yau saƙo biyu suke warwarewa, wato alaƙa huɗu. Jijiya 19 kuwa saƙo 38 ne, alaƙa 1,444, kowace ana bibiyarta biliyoyin sau a daƙiƙa. A gwajin NICT na 2025, zagaye mai tsawon kilomita 86.1 aka sa hasken ya kewaya sau 21, aka naɗi abin da ya iso, kwamfuta ta warware shi daga baya. Ƙwaƙwalwar lantarki da za ta yi wannan aiki nan take, da wutar da kamfani zai iya biya, ita ce babban abin da gida na biyu ke jira.

Daga ɗakin gwaji zuwa rami

Birnin L'Aquila na Italiya, wanda girgizar ƙasa ta 6 ga Afrilun 2009 ta rushe ta kashe fiye da mutum 300, shi ya fara karɓar irin wannan zare a waje. Da ake sake gina tsakiyar birnin, an haƙa rami mai faɗi a ƙarƙashin tituna domin bututun ruwa da wayoyi. A 2019 jami'ar birnin da Sumitomo Electric suka shimfiɗa kebul mai kimanin kilomita shida a cikinsa, ɗauke da zaruruwan gida biyun. Masu bincike daga ƙasashe da dama na zuwa can su gwada na'urorinsu a zaren da ke shan zafi da sanyi da jijjigar gari.

A kasuwa kuwa gida na farko ne ya riga shiga, kuma da taka-tsantsan. A 2023 Sumitomo Electric ya fara ƙera zare mai jijiya biyu da yawa domin sayarwa, Google da NEC kuma suka ba da sanarwar amfani da irinsa a kebul ɗin TPU da ke haɗa Taiwan da Filifin da Guam da Amurka. Jijiya biyu ba ta kai 19 armashi ba, amma ta ninka hanyoyin kebul ba tare da ya ƙara kauri ba, kuma in ɗaya na kai saƙo ɗayar na dawo da shi, kutsen da ke tsakaninsu ya ƙara raguwa.

Sauran aikin na hannu ne. Ma'aikacin da ke liƙa zare mai jijiya ɗaya bakuna biyu kawai yake saitawa na'ura ta narkar da su. Mai jijiya huɗu sai an juya shi har kowace ta fuskanci 'yar'uwarta, shi ya sa ake saka wata alama a cikin ɓawon. Ana buƙatar na'urar da ke raba jijiyoyin zuwa zaruruwa daban-daban a bakin hanya, da na'urar ƙara ƙarfi da za ta ciyar da su duka a tare, da ma'auni ɗaya da kamfanoni za su amince da shi a ƙarƙashin hukumar sadarwa ta duniya, ITU, domin zaren wannan ya haɗu da na wancan.

Mai riƙe da waya a Kano ko Sakkwato yana da ruwa da tsaki a wannan. Saƙonsa daga turken sabis yake shiga faiba, wanda zai fita ƙasar waje kuma yawanci ta Legas yake faɗawa teku. A can kebul ɗin SAT-3 ya fara aiki a 2002, MainOne a 2010, Equiano na Google ya sauka a Afrilun 2022 da zare 24 da ƙarfin terabit 144 a daƙiƙa, 2Africa ya biyo baya. Ranar 14 ga Maris 2024, da kebul huɗu suka lalace a tekun da ke gaɓar Kodebuwa, bankuna da kasuwanci a ƙasashen Yammacin Afirka suka ji a jikinsu. Yawan jijiya ba ya maganin tsinkewa, kuma a cikin Najeriya abin da ya fi gaggawa shi ne tsawon zaren kansa, dalilin da ya sa gwamnati ta amince a 2024 da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000. Amma shekara 25 ake ƙiyasta wa kebul na teku. SAT-3 zai cika su a 2027, MainOne a 2035, kuma kamfanonin da za su ba da odar magadansu za su tarar da zare mai jijiya biyu a kasuwa, mai huɗu na biye da shi.